Rijiyar Labbo

Idan ka fita daga cikin garin Anka ka kama hanyar yamma, kafin gidaje su ƙare akwai wata unguwa a hannun hagu wadda shekara takwas da suka wuce gonar gero ce. Yau ana maganar mutum dubu biyar a cikinta, ko da yake babu wanda ya taɓa ƙirga su a hukumance. Mutumin da ya fara kafa bukka a wurin yana nan da ransa, sunansa Labbo. Ni malamin firamare ne, na san shi shekara huɗu ke nan, kuma abin da zan faɗa a nan rabinsa daga bakinsa na ji, rabi kuma a gaban idona aka yi.

An haifi Labbo a Tungar Ɗunya, wani ƙaramin ƙauye da ke kudu da Anka, a yankin Dareta. Bai san shekarar ba, amma ya ce lokacin babban fari ya isa kora awaki. Mahaifinsa maginin rijiya ne, shi ma tun bai yi gemu ba ya fara shiga rami. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, irin jikin da sana'ar take so. Ya koyi gane ƙasa da hannu da harshe: ya san inda jar ƙasa take ƙarewa marmara ta fara, ya san yumɓun da ke riƙe kansa da rairayin da ke zubowa ya rufe mutum. Da rani yakan yi ƙauye-ƙauye har cikin ƙasar Bukkuyum yana gina sababbi yana yashe tsofaffi, da damina ya koma gonarsa. Ya auri Kubura, 'yar kawunsa, suka haifi 'ya'ya shida, uku suka rayu: Habsu ce babba, sai Nazir, sai Nusaiba.

Wajen shekarar 2008 zinare ya yi daraja, daji ya cika da baƙi daga Katsina da Kabi da Nijar. Masu ramuka suka gane ba kowa ne ya iya nutsawa gaba goma cikin ƙasa ba tare da ta rufta ba, sai suka shiga neman maginan rijiya. Abin da Labbo yake samu a wata guda na aikin rijiya, a ramin zinare cikin kwana uku yake samunsa. Ya sa wa ɗakin Kubura kwano, ya sayi babur. Kamar kowa a ƙauyen, shi ma yakan ɗauko kason dutsensa a buhu ya kawo gida. Kubura ta farfasa shi a tsakar gida, a kai injin niƙa, a dawo da garin a shanya a kan tabarma kafin a wanke. Yara na rarrafe a gefe, suna wasa da ƙasar, suna sa hannu a baki.

A bazarar 2010 yaran ƙauyen suka fara ciwo. Amai, ciwon ciki, sai jijjiga, yaro ya sandare idanunsa su kafe. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Nazir yana da shekara uku, ya kwana biyu yana jijjiga ya rasu. Bayan kwana goma sha ɗaya Nusaiba ta bi shi, ba a ma yaye ta ba. Da yake Labbo ne mai dagi da diga a ƙauyen, shi ake kira idan an yi rasuwa. Ya ce min a wannan bazarar ƙananan kaburbura ashirin da uku ya gina, har ya daina aunawa da kara, idonsa kawai ya san tsawon.

Daga baya likitoci suka zo, wasu daga ƙasashen waje, da wata na'ura da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna lamba. Suka tara maza a ƙofar masallaci, wani tafinta ya yi bayani cewa dutsen da ake niƙawa akwai dalma a cikinsa, ƙurarsa guba ce, manya na iya ɗaukarta su yi ta yawo, amma ƙananan yara ba sa iyawa. Da aka tashi, Labbo ya tare tafintan a gefe.

"Malam, dutsen da nike kawowa gida, shi ne?"

Tafintan ya ce, "Ba kai kaɗai ba, Baba. Kowa ya kawo."

"Ba kowa nike tambaya ba. Nawa nike tambaya."

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Labbo ya yi masa godiya ya tafi. An zo an kankare ƙasar gidajensu an kwashe, an zuba sabuwa. Shi kuwa ya sayar da babur ɗin, bai sake leƙa ramin zinare ba. Ya ce min har yau Kubura ba ta taɓa buɗe baki ta ce shi ya jawo ba, kuma da ta faɗa sau ɗaya da ya fi masa sauƙi.

Shekara takwas suka yi a haka, noma da rijiya. Habsu ta girma ta auri wani saurayi manomi mai suna Ridwan. Sai 'yan bindiga suka matso. Da farko shanu suke kora, daga baya suka ce sai ƙauye ya riƙa yi musu noma kafin kowa ya taɓa gonarsa. A kakar 2018, wata ranar Laraba da hantsi, suka iske mutane suna yankan gero suka buɗe wuta. Mutum tara aka ɗauko, Ridwan na cikinsu. Labbo ya gina kaburburan, aka yi salla a gurguje, kafin la'asar rabin ƙauyen ya kama hanyar Anka a ƙafa. Habsu tana da ciki wata biyar.

A Anka sun tarar wuraren da aka sauke 'yan gudun hijira sun cika, iyali huɗu a ɗaki ɗaya. Sun yi mako biyu a barandar wani shago. Labbo ya ce shi ba zai iya zaman jiran a raba hatsi ba, ya shiga zagaya bayan gari yana duban ƙasa. A nan ya haɗu da Makau, wani dattijo mai gona a bakin hanyar yamma, yana ɗaure karan gero.

Makau ya ce, "Baƙo, daga ina?"

"Daga Tungar Ɗunya. Koro mu anka yi."

"Ku nawa ne?"

"Mu uku, na huɗu shina ciki."

"Mi ka iya?"

"Ina gina rijiya."

Makau ya yi dariya ya ce sau biyu ana gwada rijiya a gonar nan, marmara ke mayar da mutane. Labbo ya nuna wani ɓaure a kusurwar gonar da ganyensa ke shar duk da an yi wata guda babu ruwan sama, ya ce a bar shi ya gwada can. Makau ya ce in ya fid da ruwa, ya kafa bukka ya zauna har ranar da Allah zai mayar da shi gida.

Kwana goma sha tara ya yi yana gini. Ba shi da mai ja masa ƙasa, Kubura ce ta riƙa jan kwando da igiya, hannunta ya yi kanta ya fashe ya sake yi. A gaba ta tara ya fasa marmara, rairayi mai sanyi ya fito, washegari ruwa ya kai gwiwa. Makau ya zo ya ɗebo da hannunsa ya sha, ya ce ko a cikin gari babu mai daɗinsa.

Inda ruwa yake nan mutane suke taruwa. Kafin Habsu ta haihu bukkoki sha biyu ne a kusurwar gonar, 'yarta Mubina ita ce jaririyar farko da aka yanke wa cibiya a wurin. Makau bai kori kowa ba. Duk wanda ya zo yakan ce masa, "Je ka ga Labbo, shi nuna maka inda za ka kafa." Labbo kuwa sai ya auna da taku, ya bar hanyar da jaki mai kaya zai wuce tsakanin gida da gida, ya hana kowa gina masai kusa da rijiyar. Bukkokin zana da leda suka zama ɗakunan ƙasa, wasu suka zama na bulo. Mutane suka zo daga yankin Bagega, daga ƙauyukan Bukkuyum, har da na hanyar Gummi. Aka samu mai shayi, aka samu mai faci, wani malami da ya gudo da littattafansa a buhu ya buɗe makarantar allo. Gonar Makau ta cika aka tsallaka gonakin maƙwabta. Babu wanda ya zauna ya raɗa wa wurin suna, masu babur ne suka fara cewa Rijiyar Labbo, sunan ya bi unguwar.

Babu wanda ya naɗa shi komai, amma shi ake kai wa ƙara. Akuya ta ci wa wata shanya, katangar wani ta shiga filin wani, baƙo ya mutu ba a san danginsa ba, duk wurinsa ake zuwa. Yakan zauna a kan wani kututture kusa da ɓauren yana gyaran guga yana saurare. Ba shi da yawan magana. Idan ya gaji da gardamar mutane sai ya ce, "Dukanmu nan aron wuri munka yi, ku ji kunyar mai gona."

A 2021 na fara saninsa. An ɗauke mu aikin wucin gadi, mu rubuta gidaje don rabon gidan sauro, ni aka ba ni gefen yamma. Takardar da aka ba ni ta nuna gidajen gari sun ƙare a wani gidan mai, bayansa gona ce. Na isa na ga gari guda. Aka kai ni wurin Labbo, ya ajiye gugan da yake ɗinkawa ya shiga gabana. Kwana uku muna yawo. Bai iya boko ba, amma kafin mu yi sallama a ƙofa zai gaya min mai gidan, ƙauyen da ya baro, matansa da 'ya'yansa, da marayun da yake riƙo. Ban taɓa kama shi da kuskure ba. Muka tashi da gida ɗari huɗu da goma sha biyu, mutum dubu uku da ɗoriya.

Da na kai rahoto, wanda ke karɓa ya duba ya ce ba zai iya shigar da wannan ba, domin kason kowace mazaɓa an fitar da shi ne bisa ƙidayar 2006, kuma a wannan ƙidayar mutanen nan suna ƙauyukansu. Na ce ƙauyukan babu kowa a cikinsu yanzu. Ya ce ya sani, shi ma ƙanwar matarsa a can take zaune, amma takarda ba ta sani ba. Gidan sauro ɗari da hamsin aka ba unguwar. Labbo ya ce a ba masu ciki da masu goyo, ya tsaya da kansa har aka gama, ya sha zagi daga waɗanda ba su samu ba.

Matsalar ba ta takarda kaɗai ba ce. Gonar Makau a kan iyakar ƙasar hakimai biyu take. Lokacin tana gona babu wanda ya damu da inda iyakar ta bi. Da ta zama gari, kowanne yakan ce tasa ce idan zaɓe ya matso ko an ji labarin rabon tallafi, idan kuwa rigima ce ko annoba sai ya ce a je wurin ɗayan. Saboda haka ba a naɗa mai unguwa ba, babu makarantar boko, babu ɗakin shan magani, ko akwatin zaɓe babu. A farkon 2023 aka ce za a yi ƙidayar ƙasa, Labbo ya yi murna ƙwarai, ya bi gida-gida yana cewa kada kowa ya ɓoye ɗansa ko ya yi tafiya. Aka ɗage ƙidayar, ba a sa rana ba.

Kafin nan Makau ya rasu. 'Ya'yansa ba mugaye ba ne, amma su tara ne, gonar kuma ita ce gadonsu. Suka yanka ta fuloti-fuloti, suka ce wanda ke zaune ya saya a hankali, inda babu kowa kuma a sayar wa mai so. Babbansu, Umar Faruk, ya ce filin Labbo da rijiyar sadakar mahaifinsu ce, ba za a taɓa ba. Filin da ke manne da rijiyar ta gabas, inda mata ke shanya, wani mai suna Shitu ya saya. Shitu ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana sayen dutsen zinare a yankin Bagega. Ya zagaye filin da katangar bulo mai tsawon da ba a saba gani ba a unguwar, ya sa ƙofar ƙarfe.

A lokacin gwamnati ta hana haƙar zinare a jihar baki ɗaya, daji kuma ya zama na 'yan bindiga. Aikin bai tsaya ba, ɓuya ya yi. Wata safiya Labbo yana alwala ya ji inji ya tashi a bayan katangar. Aka ce injin niƙan masara ne. Shi kuwa ya san kukan inji idan hatsi yake ci, ya san kukansa idan dutse yake ci. Ya shafa saman murfin randar Kubura, ya duba yatsansa, ya ga ƙurar dutse.

Ya jira Shitu ya fito ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, wanga inji ba masara shike niƙa ba."

Shitu ya ce, "Baba Labbo, kowa da abin da yake ci da iyalinsa."

"Na sani. Ni ma na ci da shi. Ɗiyana biyu na bisne da hannuna saboda shi. Ka kai shi bayan gari, inda babu yara."

"Bayan gari wa zai tsare min shi? In na fita da shi, ko hukuma ta kwashe ko mutanen daji su kwashe. Samari ashirin ke aiki a nan, duk 'ya'yan unguwar nan ne. Ka tambayi iyayensu ko suna so in rufe."

Gaskiya ya faɗa. Labbo ya tara dattawa a masallaci bayan azahar ya yi musu bayani, wasu daga cikinsu ma sun binne nasu 'ya'yan a 2010. Can wani ya ce ɗansa da ke aiki wurin Shitu shi ke ciyar da mutum goma sha ɗaya. Wani ya ce ai katangar doguwa ce, ƙura ba za ta tsallako ba. Limamin ya ce Shitu ne ya rufa wa masallacin kwano, a bi shi da lalama. Aka yi addu'a aka watse.

Labbo ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin hakimi na farko. Aka karɓe shi da mutunci, aka ce ai daga ɓauren zuwa gabas ƙasar ɗayan ce. Ya je wurin ɗayan, aka ce tun zamanin kakanni iyakar daga bakin hanya take, ya koma inda ya fito. Ya zo ya same ni a makaranta na rubuta masa takarda, muka kai wani ofishi. Wanda muka tarar ya karanta ya ce a kawo ta da sa hannun mai unguwa. Labbo ya ce ba su da mai unguwa. Mutumin ya ce to a fara neman a naɗa. Na ce masa mu kai maganar wurin jami'an tsaro, ya ƙi, ya ce in sun zo samarin za su kwashe, Shitu kuma ya kwana a gidansa.

Abin da ya iya shi ne ya yi wa rijiyar murfi da katako, ya hana Mubina fita tsakar gida, ya sa Kubura ta riƙa yayyafa ruwa tana shara sau uku a rana. Amma yarinya mai shekara huɗu ba a ɗaure ta, kuma gindin ɓauren nan ne filin wasan yaran unguwar tun da aka kafa ta. Da damina ta sauka, kwatar da ake wanke garin dutse a gidan Shitu ta cika ta ɓullo ta ƙarƙashin katanga, ruwan ya malale gindin ɓauren, ya kwanta a bakin rijiyar. Labbo ya yi masa hanya da fartanya, ruwa na gaba ya share hanyar.

Cikin watan Agusta Mubina ta daina cin abinci, ta riƙa riƙe ciki tana kuka. Wata ranar Asabar da rana tana zaune kusa da Habsu sai ta faɗi ta fara jijjiga. Habsu ta ce, "Inna, zo ki gani." Kubura ta fito daga madafa ta tsaya, ba ta matsa ba, ta ce da Labbo, "Shi ne." Ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya fita titi ya tare babur. A asibiti bai jira a tambaye shi ba, ya ce a auna jininta, dalma ce. Aka auna, aka kwantar da ita nan take.

Cikin mako uku yara goma sha bakwai aka kai daga unguwar, huɗu ba su dawo ba. Biyu daga cikinsu ƙannen samarin da ke aiki wurin Shitu ne. Unguwar ba ta da maƙabarta, sai an ɗauki gawa an ratsa gari, kuma Labbo ne ya gina kaburburan huɗu, don babu wanda ya kai shi sauri. Kafin ma'aikatan lafiya su iso da na'urarsu, an wayi gari ƙofar Shitu a buɗe, babu inji babu buhuna. An ce ya koma wani wuri a hanyar Bukkuyum. Ma'aikatan suka auna ƙasar gindin ɓauren, suka ɗebi ruwan rijiyar da laka daga ƙasanta. Bayan kwana biyar suka dawo suka ce kada a ƙara sha, suka shafa jan fenti a murfin.

Kwana biyu aka yi ana jin maganarsu. Famfo mafi kusa yana cikin gari, ruwan 'yan garuwa kuma ba kowa ke iya saye ba. A rana ta uku Labbo ya fito ya ga mata sun ɗage murfin suna ja. Ya hana, suka ce na wanki ne. Ya ga wata ta cika tulu ta ɗora a kai, ya san ba wanki za ta yi da shi ba. Ya sa kwaɗo, aka fasa.

Ranar da ya fara cike rijiyar ina wurin. Da hantsi ya fito da shebur da kwando ya fara kwaso ƙasa daga wani kango yana zubawa a ciki. Mata suka taru. Wata dattijuwa da suka baro Tungar Ɗunya tare ta riƙe masa kwando.

"Labbo, ka san abin da kake yi? Mu sha mi?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ruwan ga garai shike, ko wari babu. Shekara biyar muna sha."

"Wanda Nusaiba ta sha ma garai shike."

Ta saki kwandon. Wasu suka zage shi, wata ta ce don jikarsa na asibiti yake so kowa ya wahala. Ya ci gaba da zuba ƙasa. Babu namijin da ya kama masa sai ni, ni ma ban kai awa guda ba bayana ya gaza. Da azahar Kubura ta dawo daga asibiti, ta ajiye kwanon abincin da ta kai wa Habsu, ta ɗauki kwando na biyu. Kwana huɗu suka yi kafin ƙasa ta kai baki, ya bi ta da duwatsu ya daddanne.

Mutuwar yaran ta shiga rediyo, daga nan abubuwa suka motsa. Aka zauna aka raba iyakar, unguwar ta faɗa hannun hakimi ɗaya. Aka kankare ƙasar gidaje sittin, aka sare ɓauren don a samu kwashe ta gindinsa. Da aka zo naɗa mai unguwa wasu sun ambaci Labbo, aka ce baƙo ne, kuma bai iya sa hannu ba, aka naɗa Umar Faruk ɗan Makau. Labbo na cikin waɗanda suka fara zuwa yi masa mubaya'a, kuma har yanzu idan rigimar iyaka ta gagari Umar Faruk yakan aiko a tambaye shi wa ya riga wa zuwa. A takarda an sa wa wurin suna Unguwar Makau. Wata ƙungiya ta gina famfo mai aiki da hasken rana, guda ɗaya, layin jarkoki yakan kai bakin titi. Akwai matan da har yau ba sa gaishe shi.

Mubina ta yi wata biyu a asibiti ta fito da ranta. Kafin ciwon surutunta har gundurar mutane yake, yanzu kalmominta ba su wuce goma ba, kuma hannunta na dama yana rawa. Shekararta shida. An kai ta makarantar allo, malamin ya dawo da ita da kansa ya ce a ƙara mata lokaci. Bara Habsu ta yi aure a Gummi, mijin ya yarda ta tafi da yarinyar, amma Kubura ta ce a bar mata ita saboda asibiti ya fi kusa a nan.

Labbo ya daina shiga rami, ƙirjinsa ba ya ɗauka, tari yake yi mai nauyi. Yana saƙar igiya yana ɗinka guga da tsohuwar tayar mota, ranar kasuwa ya kai. Sau biyu an ce an yi sulhu a koma ƙauye, waɗanda suka koma sun sake dawowa, shi bai gwada ba. Mutane kuma ba su daina zuwa ba, bukkokin leda sun wuce inda gonakin maƙwabtan Makau suka ƙare, sun doshi wani kwari da ke cika da damina. Ya aika wa mai unguwa cewa a hana su kafawa a nan, ban san ko an hana ba.

Makon jiya na biya ta gidansa bayan an tashi makaranta. Na tarar yana zaune a zaure yana murza igiya a cinya, Mubina na jingine da bayansa tana tauna rake. Muka gaisa, ya tambaye ni ko akwai labarin ƙidaya, na ce babu. Ya ce ranar Talata ce ranar awon jininta, mai babur ɗin da ke kai su ya yi tafiya, in na samu sarari in zo in kai su kafin rana ta yi zafi.